Yadda Za Ka Rubuta Tarihin Ƙungiyarku Ba Tare da Sensei Ta Gano Ƙarafan Ba

Kai da aka ɗora wa rubuta tarihin ƙungiyar waƙarku alhali akwai abin da kake ɓoyewa, matso kusa. Bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbaci ko mai digiri uku ba zai kama ka ba. Sakatarenmu Fukahori-san, tsohon direban jirgin ƙasa na cikin gari a nan Nagasaki, shi ya gwada su bana da ƙungiyarmu Muryoyin Kan Tudu ta cika shekara arba'in. Mu goma sha biyu ne, waƙoƙin coci na shekara ɗari huɗu muke rerawa, ba kiɗa, murya zalla. Ni ina layin baya cikin masu kaurin murya, don haka a kan idona aka yi komai.

1. Ka san abin da kake ɓoyewa

Ideguchi-sensei, wato malamarmu, ita ce ta kafa mu, kuma har yau, da shekara saba'in da tara, ita ke jan siririyar murya. Ta sha faɗa mana: "Ranar da na kasa kai sama, ranar zan ajiye takardar waƙata in tafi, kada wanda ya roƙe ni." Ba ta magana biyu. To ai kuwa shekara goma sha biyu ke nan da ta kasa!

Akwai ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ake bugawa a gwiwa, ya ba da sautin da za a fara da shi. A hannun Fukahori yake. Sai bawan Allah ya musanya shi a ɓoye da mai sauti ƙasa kaɗan, don muryar Sensei ta riƙa kaiwa. Bayan shekara huɗu ya sake, ya kuma sake. Tsofaffin ukun suna cikin gwangwanin shayi a gidansa.

2. Ka jingina wa mutanen da

Matattu ba sa musu. Rubuta da manyan baƙaƙe: "Kamar magabata, muna rerawa ƙasa da 'yan zamani." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ƙamshin ya wadatar. Kada ka kuskura ka faɗi ƙasa da nawa.

3. Ka toshe bakin masu kaurin murya

Su ne za su tona ka, don su ke shan wuya. Maganinsu kek ɗin kasutera, yanka mai kauri. Ka ji yadda Fukahori ya yi da Urakawa-san mai kifi:

"Fukahori-san, ni fa yanzu ba waƙa nake ba, gurnani nake. Jiya na gwada a banɗaki, karena ya shige ƙarƙashin tebur."

"Ci kek."

"In aka ƙara sauka, sai dai ku haƙa mini rami in tsaya ciki."

"Na ce ci kek, malam."

Bakin da ke tauna ba ya ba da shaida.

4. In masani ya zo, ka kai shi hawan tudu

Wannan ne babban haɗarin. An gayyato Dakta Magome daga Tokyo ya rubuta gabatarwa, ga shi da waya mai auna sauti. Muna buɗe baki ya dubi wayar, ya girgiza ta, ya sake duba, ya dube mu kamar ya ga kifi yana tafiya da ƙafa.

Kada ka ruɗe. Ce masa akwai tsohon cocin da ya zama dole ya gani, ka bi da shi ta matakala ɗari uku, a ƙafa. Mai haki ba ya tambaya. In ya sauko, ɗirka masa taliyar champon, babban kwano. Fukahori ya yi duk wannan, sai dai shi aka riƙo aka sauko da shi, don ashe Dakta ɗan tsere ne.

5. In asiri ya tonu, ka sunkuya

Ranar Asabar, a gwajin ƙarshe kafin bikin Lahadi, Dakta ya ɗaga hannu cikin ladabi: "Gafarta mini Sensei, a wace tsohuwar takarda kuka samo wannan sautin? Ban taɓa jin ƙungiyar da ta sauka haka ba."

Urakawa ya haɗiye kek bai tauna ba. Fukahori ya sunkuya har goshinsa ya bugi abin ɗora takarda. Ba kunya ce ta kama shi ba, tsoro ne tsagwaronsa. Shekara arba'in yana tsaye bayan muryar nan, bai san yadda ake Lahadi babu ita ba.

Sensei ta buɗe jakarta, ta zaro ɗan ƙunshi, ta miƙa wa Fukahori da hannu biyu. Ya warware. Sabon ƙarfe ne. Ya buga a gwiwa, sai ga sauti ƙasa da na huɗun.

"Na baɗi ne," in ji ta. "Tun na farko na gane, Fukahori. Murya ce ta tsufa, ba kunne ba."

"To Sensei, alkawarin da kika yi fa?"

"Cewa na yi in na kasa kai sama zan tafi. Kun sauko mini da saman, in tafi ina?" Ta juya wajen Dakta. "Rubuta wannan, shi ne tarihinmu."

Fukahori ya fashe da kuka, kuka na gaske har da majina. Daga layin baya Urakawa ya ce, "Shi ke nan, a kawo shebur."

Gargaɗi: in ka bi matakan nan aka kama ka, ai mu ma an kama mu, ba ni na aike ka ba. Maƙogwaron masu kaurin muryarku, gwiwoyinka a kan matakala, da karen da ya daina shiga gida, duk babu ruwana. In kuma taku Sensei ɗin ta ajiye takarda ta tafi, kada ka nemo ni, ina cikin rami ina koyon sautin baɗi.