Mobilet ɗin Mariyama

Ko zan manta da komai na shekarun aikina a Badaguishiri, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau mobilet, ƙaramin babur ɗin nan na Mariyama, ba.

Lokacin ni malamin gona ne, farkon shekarun saba'in, ina zagaya lambunan fadama a kan wani tsohon keke da kacarsa ke faɗuwa ko tari na yi. Sai aka kawo mana mace ta farko a buro, wato ofishinmu, Mariyama, ɗiyar Illela da ta gama lakwal, makarantar boko, don ta yi aiki da mata masu noman albasa. Matsayinmu ɗaya da ita (wannan na haɗiye shi da ƙyar). Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da shef, shugaban buronmu, ya ba ta mobilet sabo ƙal, shuɗi, wai ƙauyukanta sun fi nawa nisa.

In na ji ƙarar injin nan daga nesa, tuwo fita raina yake yi. Duk majalisar da na zauna, maganata ɗaya: “Mace da inji? Ku jira, wata bai ƙarewa sai ta kai shi rami.” Na yi ta faɗi har ya kai kunnen shef, ya fara cewa ranar da mobilet ya samu ko ƙwarzane, zai karɓe shi, ita kuma ta zauna buro ta daina fita ƙauyuka.

Ranar wata kasuwa na tarar da ita wajen masu albasa, mata sun kewaye ta, ni ko ga ni ina tura keke. Zuciya ta ɗebe ni.

“Madam, ba haka ake riƙon inji ba. Kawo in gwada miki.”

“Malam, ka taɓa hawa?”

“Tun kina goye.” (Ko sirdinsa ban taɓa taɓawa ba.)

Ta ba ni. Tayar da shi da feda ake yi, wannan kam na iya. Ya kama, na murɗa hannu, sai na ga rumfuna suna gudu da baya. Nan na tuna ban tambayi inda birki yake ba. Gefen babbar rigata ya shiga ƙafar baya, rigar ta yage ta nannaɗe can, ni kuma na tashi sama na sauka kan buhunan albasa, daga ni sai wando. Fitila ta fashe, ƙafata ta gurɗe.

Wata tsohuwa cikin matan ta leƙo, ta dube ni a tsanake, ta ce, “Ɗiyata, wanga shi ne yac ce kina faɗawa rami?”

Mariyama ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta warware tsummokaran rigata daga ƙafar mobilet, ta aro zane mai furanni ta yafa mini, ta ɗora ni a baya. Haka muka ratsa kasuwa zuwa gidan likita, tana tuƙi cikin natsuwa, ina lulluɓe kamar amarya.

Washegari shef ya ga fitila, ya ce, “Dama an faɗa mini. Aje shi nan.” Mariyama ta juyo ta dube ni. Ina tsaye a kan ƙafa ɗaya na ce, “Mushe, ni ne.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce mata, “Tafi, matan ƙauye na jiranki.”

Ta ci gaba da aikinta, daga baya aka ƙaro wasu ma'aikata mata biyu a buro. Ni kuwa sunan Malam Birki ya bi ni har Ƙonni da aka mai da ni. Tun lokacin, in na ji hassadar abin wani na taso mini, nakan fara tambayar inda birkinsa yake.