Farfesa Kitse da Bijimin Gwaggo Shatu

Dogon Dutsi ta yi babban dace ranar da Mushe Luƙman, wato Malam Luƙman a bakin 'yan Faransanci, ya dawo daga sitaj, wani ɗan kwas na kwana huɗu a Yamai. Da can aikinsa riƙe igiya ne in ana yi wa shanu allura. Yanzu kuwa ga tabarau, ga farar riga, ga ilimin da ya tsinta kafin barci ya sace shi a ɗakin taro: wai cikin kitsen shanu akwai ƙwayoyin gado masu ba da umarnin yawan kolestarol da jiki zai haɗa. Mahauta suka raɗa masa Farfesa Kitse. Ya ji daɗi, har ya buga a kati.

Sai ya zurfafa tunani. Mai ba da umarni ai ma'aikaci ne, kuma kowane ma'aikaci yana da shugaba. Nan take ya naɗa kansa.

Ya fara da bijimin gwaggonsa Shatu, wanda ta yi wata goma tana kiwatawa don ta rufa ɗakinta da kwano kafin damina.

"Gwaggo, bijiminki zai shiga tarihi!"

"Ni dai kasuwa nika so ya shiga, ɗana."

Tana tafiya gaisuwar mutuwa Ɗan Kassari, ya kama aiki. Kullum da safe sai ya kafa baki a tozon bijimi ya karanta wa ƙwayoyin takardar gargaɗi da Faransanci, ya danna hatimi a gindin wutsiya. Bijimi ya ci gaba da ƙiba. Farfesa ya ce wannan raina hukuma ne, ya dakatar da albashinsu: ba harawa, ba dusa.

Bayan kwana arba'in Gwaggo ta dawo ta tarar da haƙarƙari tsaye kan ƙafa huɗu. Ta zauna a ƙasa tana salati.

"Vuwala! Ga shi nan!" in ji Farfesa. "Sun bi doka."

Ran kasuwar Kore Mairuwa Gwaggo ta kai bijimi, Farfesa kuwa ya hau amalanke ya yi jawabi, ya ce ga bijimi na farko a Arewa da kitsensa ya ji Faransanci. Mani mahauci ya zo ya shafa dabba, ya matsa tozo, ya girgiza kai. Sannan ya ɗaga ido ya daɗe yana kallon wuyan Farfesa da tumbinsa, ya juya ga Gwaggo.

"Inna, wanga ko romo ba ya yi. Amma in wancan na bisa amalanke kika kawo, mu yi ciniki."