Ustaz Shaukat Ba Ya Kallon Fim

Duk wanda ya ce a Alƙahira akwai gwanin tallan fim da ya kama ƙafar Ustaz Shaukat Dahshuri, to bai taɓa jin ta bakin Ustaz Shaukat ba. Shekara ashirin da bakwai yana wannan sana'a. A faɗarsa, shi ya koya wa Misirawa shiga sinima. Kafin Allah ya kawo shi, mutane wucewa kawai suke yi ta bakin ƙofa, suna zaton ofishin haraji ne.

Ofishinsa yana hawa na huɗu a wani tsohon gini a tsakiyar gari. Shekara tara na yi a can ina tace masa hotuna, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Shi yana kiran kansa Injiniyan Zukata. Mu kuwa, in ya ba da baya, Baban Gobara muke ce masa, don bai taɓa yin fosta ba wuta a ciki ba. An taɓa kawo masa fim ɗin wani likitan haƙori mai neman aure, ya cinna wa asibitin wuta a bayansa, ya miƙa wa likitan bindiga.

Ka'idarsa ba ta canzawa. Jarumi a tsakiya, ya juya wa gobara baya kamar ba a garinsu ake yi ba. Ɗan jini a gira, amma kada ya taɓa gashi. Jirgi mai saukar ungulu a sama, ko da mutanen fim ɗin ba su taɓa hawa abin da ya wuce jaki ba. Mace kuwa tana can kusurwa, girman babban yatsa, ta dafe ƙirji. In an zo tallan bidiyo, sai a buga ganga sau uku, allo ya yi baƙi, sannan murya ta fito daga can ƙasan ciki. Muryar Ustaz ce. Yakan sha zuma da lemun tsami kwana biyu kafin ya yi ta, kuma a kwanakin nan ko matarsa da hannu yake amsa wa gaisuwa.

Amma babbar baiwar Ustaz, wadda ba ya ɓoye ta ga kowa, ita ce ba ya kallon fim.

"Kallo na masu sayen tikiti ne," yakan ce, yana gyara zoben hannunsa. "Ni in na kalla, darakta ya shiga kaina ke nan. Shi darakta labari ya sani. Ni mutane na sani. Ka ba ni sunan fim da fuskar jarumi, in cika maka sinima daga nan har Aswan."

Yadda yake aiki shi ne, sai ya sa in kashe sauti in riƙa gudu da fim ɗin, shi yana cin kosharinsa, haɗin shinkafa da taliya da wake, yana duba waya. In ya ga haske ya wulga ta gefen idonsa, sai ya ɗaga cokali ya ce, "Tsaya! Me ya fashe?"

Ana saura wata biyu Ƙaramar Sallah, lokacin da kowane kamfani ke sakin fim ɗinsa mafi tsada, aka kawo mana wani mai suna Layin Imbaba. Daraktan, Wajdi Sam'an, wani siriri ne mai tabarau, da furfura tun bai kai arba'in ba. Fim ɗinsa na farko ke nan, kuma shekara shida ya yi yana bin ƙofofin masu kuɗi kafin wani ya saurare shi. Labarin wata mata ce da 'yan fasa-ƙwauri suka kashe mata wa, ta karɓi ƙaramar bas ɗinsa ta haya, ta bi sawunsu lungu-lungu. Babban jarumin nan Hazim Bahrawi, wanda samari ke yin irin askinsa, shi ya fito a wan. Alfarma ya yi wa Wajdi don unguwarsu ɗaya. Minti huɗu gare shi a fim ɗin, a na huɗun aka harbe shi.

Wajdi ya zauna a bakin kujera ya fara bayani. "Ustaz, abin da nake so a gane shi ne, jarumar..."

"Hazim yana ciki?"

"Yana ciki, amma ai shi..."

"Shi ke nan, ɗana. Sha shayinka." Ustaz ya lumshe ido, ya ɗaga hannu sama kamar mai taɓa wani abu a iska. "Na gan shi. Yana tsaye a kan gada. Bayansa Nilu na ci da wuta."

"Ruwa ne fa, Ustaz."

"Shi ya sa kai kake darakta, ni nake Shaukat."

Bayan Wajdi ya tafi na gwada tawa sa'ar. Na ce wa Ustaz, yadda muke kiran manya, "Ya Basha, mutumin nan fa ba ya daɗewa a fim ɗin." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce an ɗauke ni aiki ne don yatsuna, in bar masa tunani. Ina da 'ya'ya uku. Na bar masa.

Daga mintuna huɗun nan muka haɗa tallan minti biyu. Hazim yana buɗe ƙofa, ganga. Hazim yana kunna sigari, ganga. Da muka zo wurin da ya faɗi ƙasa, Ustaz ya ɓata rai ya ce jaruminsa ba ya faɗuwa, in juya hoton baya. Na juya. Sai ga Hazim yana tashi daga kwance ba tare da ya dafa ƙasa ba, hularsa ta taso daga kwata ta hau kansa. Ustaz ya miƙe ya tafa wa kansa. Nan take ya yi wa fim ɗin take, ya kuma faɗe shi da muryar zuma: "Namijin da mutuwa take tsoro."

Aka buga fostar a kan leda mai kauri, tsayinta ya kai bene uku, aka rataya a jikin sinimar da za a buɗe fim ɗin.

Ranar da aka rataya, sai ga jarumar a ofis. Rihab Sarhan sunanta. Wata shida ta yi tana koyon tuƙi a hannun direbobin unguwar Imbaba, har ta karya wuyan hannu wajen juya bas a kan gada. Ta shigo da ƙaramar fostar a naɗe, ta shimfiɗa masa a tebur.

"Ustaz, don Allah nuna min ni."

Ya duba. Ya daɗe yana nema. Can ya ɗora yatsa a ƙarƙashin gwiwar hannun Hazim. "Ga ki nan, 'yata."

"Wannan kunnena ne."

"Kunne mai kyau kuwa. Ki gode wa Allah. Akwai waɗanda suka fara da inuwa. Ke ce budurwarsa ko?"

Rihab ta dube shi, ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina goge allon da ba datti. Ta naɗe fostarta ta ce, "Allah ya ƙara basira, Ustaz." Ya ce amin, har da shafawa.

Ranar Sallah da la'asar aka buɗe. Samarin unguwannin Shubra da Bulak sun cika titi, kowa da sabuwar riga da askin Hazim. Ustaz ya zo cikin farar kwat, da jan hankici a aljihu. Bai shiga zauren kallo ba, don bai taɓa shiga ba. Ya tsaya a farfajiya, inda wata 'yar jaridar talabijin ke watsa bikin kai tsaye, ya matsa har sai da ta gaji ta miƙa masa makirfo.

Ni ina ciki. Minti huɗu aka harbe Hazim, sai zauren ya ɗauki tafi, don kowa ya ga talla, kowa ya san yanzu zai tashi. Aka jira. Aka wanke shi. Aka ɗauki makara. Wani daga baya ya ce, "Dabara ce, ku bari ku gani!" Aka binne shi, aka zuba ƙasa, aka watse. Da mutane suka ga Rihab ta hau bas ta tayar, sai fito ya tashi, ɓawon gyaɗa ya fara sauka a kan allo. Na fito da gudu in gaya wa Ustaz ya nemi ƙofar baya.

Na same shi ya yi nisa.

"...musamman ƙarshen," yake cewa, hannu a ƙirji. "Wurin da Hazim yake rataye a jikin jirgi da hannu ɗaya. Ni ba mai saurin kuka ba ne, amma wallahi sai da na nemi hankici. Na ce wa darakta, ɗana, bar wannan wurin yadda yake, kada ka taɓa."

Ƙofar zaure ta buɗe da ƙarfi. Wani ƙaton bakanike, da ragowar baƙin mai a farce duk da wankan Sallah, shi ne a gaba.

"Ina wanda ya yi tallan nan?"

Ustaz ya gyara kwat, ya yi murmushi, ya matso. Ya zaci hannu za a ba shi.

Bakaniken ya cafki wuyan rigarsa. "Kai ne? Ina jirgin? Ina namijin da mutuwa take tsoro? Ga shi can har an yi sadakar uku!"

"Wa?"

"Hazim mana! Tun ban buɗe lemona ba ya mutu!"

Fuskar Ustaz ta saki. Ya juya ya dubi kamara, bakinsa a buɗe, ya tambayi mutanen Misira baki ɗaya, da muryarsa ta gaskiya, siririya, wadda ba zuma a cikinta:

"Ya mutu? Wa ya kashe shi?"

Kwana biyu da suka biyo baya sinimomi suka zama kamar maƙabarta. Masoyan Hazim sun yi fushi, sauran jama'a kuma sun ɗauka fim ɗin samari ne masu son harbe-harbe. Manajoji suka ce in an kai Alhamis haka, za su sauke shi. Na ga Wajdi zaune a matakalar sinima, ya cire tabarau yana ta gogewa. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

A kwana na uku ne abin ya juya. Wani ya yanko daƙiƙa bakwai ɗin nan na Ustaz ya saka a waya. Kafin azahar kowa ya gani. In mota ta mutu a kan gada, direbobi su leƙo su ce, "Wa ya kashe shi?" In shayi ya huce, haka. Matata ta tarar da mataccen kyankyaso a bayan firji ta tambaye ni. Da tambayar ta ishi mutane, sai suka fara zuwa neman amsa. Rihab ta ari bas ta ajiye a ƙofar sinima, ta rubuta da hannu a kwali: "Ni na sani." Mata suka shigo, suka koma suka kawo ƙannensu da maƙwabtansu. Direbobin Imbaba suka zo ƙungiya guda, suna ihu duk inda ta sa giya daidai. Fim ɗin ya yi mako goma sha ɗaya.

Duk tallan da Ustaz ya yi a shekara ashirin da bakwai, babu wanda aka kalla kwatankwacin rabin wannan.

Kwana huɗu ya yi a gida wai mura. A na biyar ya dawo ofis da sabon ƙarfi, ya tara mu.

"Kun gani? Dabara ce sabuwa, ko a Turai ba su kai gare ta ba. Na sadaukar da mutuncina don fim ɗin yaron nan ya rayu. Kuna zaton akwai wanda zai iya yin wannan fuskar ba da shiri ba?"

Muka ce babu, ya Basha. Kuma gaskiya muka faɗa.

Wata safiya ya ce in raka shi ya ɗauki hoto a gaban babbar fostarsa, don tarihi. Muka je muka tarar an sauke ta. A wurinta ga Rihab a bakin sitiyari, fuskarta cike da bango, ba wuta, ba jirgi. Mai gadi ya ce tsohuwar an bayar, mu duba lungun baya.

A lungun akwai wani dattijo mai sayar da wake da burodi a amalanke. Ya kafa sanduna huɗu ya yi rumfa da ledar. Gemun Hazim yana kallon tukunya, bindigarsa ta lanƙwashe ta bi bango, leburori biyar suna karyawa a ƙarƙashin Nilu mai ci da wuta.

Ustaz ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi ledar. Sannan ya yi gyaran murya.

"Baba, ka san darajar abin da ke bisa kanka?"

"Na sani mana, yallaɓai," in ji dattijon, yana zuba mai a kwano. "Wanda ya yi wannan, Allah ya yi masa albarka. Ya san aikinsa."

Ƙirjin Ustaz ya taso. Ya dube ni don in zama shaida. "Ka ji mutanen titi. Su ne alƙalai. Faɗa min, Baba, me ya fi burge ka a ciki?"

"Wajen hayaƙin nan," ya nuna da ludayi. "Ya fi ko'ina inuwa. In kun san shi, ku ce ya ƙara yin wata. Surukina yana neman ta rufin kaji."