Kanyar Beguwa a Majalisa

A wani daji da kogi ya raba shi da ƙasar maƙwabta, akwai wata Beguwa mai sayar da kanya. Kasuwarta tana tsallaken kogi, mai tsaron mashigin kuwa Kada ne, ma'aikacin waccan ƙasar. Wanda duk ya miƙa masa ɗan abin gaisuwa, shi zai goya ya haye da shi. Beguwa kuwa, uwar taurin kai, ta ce ko ƙwaya ba ta bayarwa. Saboda haka kullum a bakin ruwa kanyarta ke ruɓewa, ga 'ya'ya a gida. Abin yana ci mata rai ba kaɗan ba.

Ranar zaman majalisa ta ajiye kwandonta na ƙarshe na bana a bakin ƙofa, ta shiga ta durƙusa gaban Giwa, shugabar majalisar.

"Ranki ya daɗe, dokarmu ta hana a ba ma'aikacin gida cin hanci, amma ba ta ce uffan a kan na waje ba. A gyara ta. In kowa ya daina bayarwa, dole Kada ya bi layi, ni ma in haye kafin kayana su lalace."

Biri, wanda kayansa ke fara hayewa kullum, shi ya riga kowa miƙewa. "Wallahi baiwar Allah nan ta yi gaskiya. Ni kaina na daɗe ina jin kunyar abin."

Aka tafa, aka amince baki ɗaya. Daɗi ya kama Beguwa har ƙayoyinta suna kaɗawa.

Sai Kura ta yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, shi Kada bai san an yi ba. Kamata ya yi wakilai su je su sanar da shi."

"Haka ne," in ji Biri. "Amma fa babba ne a ƙasarsu. A je masa hannu rabbana, ai sai a ce dajinmu ba tarbiyya. Dokar kuma ba ta fara aiki ba tukuna, tunda bai ji ta ba."

Giwa ta jinjina kai. Sannu a hankali idanun 'yan majalisa suka koma bakin ƙofa.

Beguwa tana tsaye tana kallo, wakilai suka ɗauki kwandon suka nufi kogi, Biri a gaba yana ɗanɗanawa don kada a kai wa babba mai tsami.

An ce Kada ya yaba wa dokar ƙwarai, har ya tambaya ko za a sake gyara ta baɗi.