Ajin da Na-Sani Ya Gina

"Ku ba ni cokalin gini da kwana bakwai kacal. In ban tsayar musu da makaranta ba, ku canja mini suna!"

Mijin yayata ke nan, tsaye a gaban coci yana bugun ƙirji, ranar da Fasto ya nemi masu sa kai da za su je wata ƙasa su gina wa yaran wani ƙauye makaranta. Ka san sana'ar mai wannan cika baki? Labule yake sayarwa. Labule da matashin kai. Iyakar iliminsa na gini shi ne ranar da ake gyara masa shago, ya harɗe a kujera yana ce wa magina, "Ku ɗan matsa da shi hagu." A gida Na-Sani muke kiransa, don ko mafarkinka ka fara ba shi labari, kafin ka kai tsakiya zai ce, "Na sani."

Yayata ta ja ni gefe. "Ke da za ki bi su da akwatin magani, don Allah ki sa masa ido."

Na ce, "Yaya, ido biyu gare ni, ba za su isa ba."

Tun daga ƙofar gida ya kafa hular kwano irin ta injiniyoyi, da ita ya shiga jirgi, da ita ya yi minshari. Da muka sauka, 'yan'uwa na cocin can suka tarye mu da waƙa, ga tafinta a gaba. Gogan naka ya ture shi gefe.

"Huta, ɗan'uwa. Na koyi yarensu a waya."

Ya gyara murya, ya saki jawabi. Wuri ya yi tsit, sai kuma dariya ta ɓarke, har wata mata ta zauna a kan akwatina.

"Kin gani? Na sace zukatansu," in ji shi.

Tafinta ya raɗa mini, "Cewa ya yi, 'Ina kwana, ni kakarku ce, ina banɗaki?'"

Washegari muka ga makarantar da ake da ita: rumfar kwano mai tsatsa, da hadari ya haɗo sai a sallami yara. Mako biyu gare mu, bulo da siminti kuma daidai aji huɗu, babu rarar ko ɗaya. Babban maginin ƙauyen, wani siririn dattijo da ba ya son surutu, ya riga ya kafa turaku ya ja igiya. Ya raba aiki, ya miƙa wa Na-Sani rariyar tankaɗe yashi.

"Ni? Yashi? Da wannan hular?"

Aka yi rashin sa'a, ranar nan Fasto da dattijon da tafinta suka tafi birni ɗauko katako da kwanon rufi, mota ta lalace musu a can, sai da suka kwana uku. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba, Na-Sani ya wurgar da rariya, ya wafci takardar zanen ginin, ya riƙe ta kai a ƙasa.

"Aji na huɗu nawa ne!"

Ya ja mai gangar cocinmu da mai jita, bayin Allah da ba su iya musu ba, ya tsallake shinge da su, ya ce a nan za a haƙa.

Na ce, "Mijin yaya, ba ga turakun can baya ba?"

"Ke allura kika sani. Tsaya a kan allurarki."

Harsashin da ya haƙa, kaza in ta yi tono sai ta fi shi zurfi. Siminti kuwa barbaɗa shi yake kamar mai sa gishiri a abincin mara lafiya. Maginan ƙauyen suka zo suna ɗaga hannu suna girgiza kai, ya ce musu, "Na sani, na sani," suka koma suna kallon juna.

Can sai ga wata tsohuwa da sanda, tana faɗa kamar za ta tashi sama. Ta nuna ƙasa, ta bugi ƙirjinta, ta sake nuna ƙasa, ta sake bugun ƙirji.

"Allah sarki," in ji Na-Sani, har da ɗan russunawa. "Cewa take aikin ya taɓa mata zuciya. Ba komai, Mama, don Yesu muke yi!"

Kullum sai ta zo ta yi wannan faɗan, kullum sai ya sa mata albarka.

Rana ta uku bango ya kai ƙirji. Bango fa na ce, amma ka yafe mini: nan ya turo ciki, can ya ja baya, kusurwa ɗaya kamar tana gaida ƙasa. Sarkin maginan namu mai hular kwano ya tsaya gabansa, ya sa na ɗauke shi hoto har goma sha ɗaya, duk ya tura wa yayata.

Muna cikin haka motar katako ta iso. Dattijon ya sauko, ya dubi ginin, ya cire hularsa ya riƙe kamar wanda ya zo ta'aziyya. Tsohuwa kuwa da ta hango tafinta sai ta taho da gudu, awakinta na biye.

Tafinta ya saurara, ya juyo. "Fasto, filinta ne. A nan take ɗaure awakinta. Ta ce kwana uku tana gaya wa mai hular nan, yana yi mata murmushi."

"Ƙaramar matsala!" Na-Sani ya daka tsalle. "A bar mata, kyauta daga gare ni. Ginin nan jikokin jikokinta sai sun gaje shi. Ku dubi ƙarfi!"

Bai rufe baki ba wani ramammen bunsuru ya matso, ya jingina da bangon don ya sosa haƙarƙarinsa. Sau biyu ya goga. Bangon ya yi ɗan tunani, sannan ya kwanta rigijib, ya ja na kusa da shi, wancan ma ya ja ɗan'uwansa. Bunsuru ya yi atishawa ya ci gaba da kiwo.

Dattijon ya ɗaga bulo ɗaya, ya hure shi, ya fito tas kamar sabo. Ya yi magana a karo na farko.

"Ya ce a yi wa Ubangiji godiya," in ji tafinta. "Simintin bai kama ko ɗaya ba, duk za su moru."

Da su kuwa aka gina aji na huɗu daga baya, a inda igiya ta nuna, yara suka shiga kafin mu taho.

Amma a ranar, tsohuwa ba ta gama ba. Ta dafa sandarta, ta ƙare wa Na-Sani kallo daga hula har takalmi, ga ƙura ta yi masa fari fat. Ta tambayi tafinta wani abu a hankali, da muryar tausayi. Tafinta ya sunkuyar da kai.

"Faɗi mana," in ji Fasto.

"Ta ce a gode wa cocinku da ta aiko masu taimako. Tana dai tambaya ne: shi wannan, taimakon ya zo yi, ko shi ma kawo shi kuka yi a taimaka masa?"