Ragar da Na Auna da Hannuna

Shekarar da aka fara shari'a, aka ce gasar ƙwallon raga ta 'yan mata a Dutse ta koma mata zalla, har masu horarwa. Sai aka karɓe ƙungiyar makarantarmu ta gwamnati daga hannun Malam Audu aka damƙa mini, ni mai koyar da girki.

Ba mu da raga, sai igiya da darbejiya biyu. Malam Audu ya ce, "Malama, in kawo abin awo?" Na ce ya huta. Na miƙa hannu sama, na ce a ɗaure daidai nan. Na manta ko cikin 'yan aji ɗaya ni ba doguwa ba ce.

Zango guda yarana suna zabga ƙwallo ta saman igiyar nan, ni kuwa ina bin ofis-ofis ina tausaya wa 'yan makarantar kuɗi da za mu kara da su, 'yan shayi da burodi.

Ranar wasa muka shiga filinsu. Ladidi, kyaftin ɗinmu, wadda sai da na je har Miga na roƙi babanta ya bar ta ta buga, ta ɗaga kai ta kalli ragar, ta juyo ta kalle ni. Duk dukan da ta yi, a raga ya tsaya.

Shekaru sun shuɗe. Kwanaki na je sunan autar Ladidi, na tarar ana ɗaura igiyar shanya. Ta ɗaga murya: "Ku dakata, ga Malama ta zo. Ita za ta auna mana."