Injin Ƙanƙarar da Ke Tsoron Mai Gyara

Cikin abubuwan kunyar da na tafka a rayuwata (kuma ba su da kaɗan), wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne na injin ƙanƙarar Baffa. Har yau in na ji ƙanƙara ta faɗa cikin kofi, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Baffa shi ne mahaifina, yana ƙauyen Beli, ni kuma ina aure a cikin garin Rogo, ina koyarwa a firamare. Ciwon suga ya kai shi ga allura safe da yamma. Maganin allurar nan ba ya shiri da zafi. Daga Kano ake kawo masa kwalabe da yawa a lokaci guda, kuma ma'aikacin lafiya ya ja mana kunne cewa in suka sha zafi sun tashi daga aiki, ko da ido bai ga sun canza ba. Solar gidan kuwa ƙarama ce, ba za ta riƙe firiji dare da rana ba. Shi ya sa ƙanena da ke Kano ya sayo injin ƙanƙara, wani fari mai tsayi har ƙuguna, aka tsayar da shi a kusurwar falon Inna. Da rana in sola ta yi ƙarfi sai a zuba masa ruwa, ya yi ta zubo ƙanƙara 'yan dunƙule-dunƙule, a kwashe a cika kula, a naɗe robar maganin da tawul a ajiye a ciki har gobe. Haka aka yi ta yi wata da watanni lafiya lau, har Allah ya kawo ni.

Inna ce ta tafi Kano zaman jegon ƙanwata, aka yi dace muna hutu, sai na tattara na dawo gida in kula da Baffa. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko kaji ba sa son fitowa daga gindin rumbu.

To ni ina da wata cuta: ba na iya ganin abu a tsirara. Talabijin ɗina da rigarsa, keken ɗinkina da rigarsa, hatta tulun gas na ɗinka masa siket. Maigidana ya taɓa cewa tsoron dogon barci yake yi a falo, kada ya farka ya tarar an zagaye shi da leshi. Tun zuwan da na yi a baya na ga injin nan tsaye ba ko ƙyalle a kansa, ya ba ni tausayi, na zaro tef na auna shi. Ba kwalliya kaɗai ba ce, ina da hujja ta ilimi. Masu sayar da ƙanƙara a kasuwar Rogo da me suke adana ta? Buhu kan buhu, da garin katako. Na ce ashe abin sanyi lulluɓi yake so. Kwana huɗu na yi ina ɗinki: karammiski ruwan hanta, na sa soso mai kauri daga ciki, leshi a gindi har yana taɓa ƙasa, da ɗan murfi mai zif a sama don zuba ruwa. Ranar da na iso, ko ruwa ban sha ba na zura masa ita. Baffa ya duba ya ce madalla, ya ci gaba da jan carbinsa.

Washegari injin ya fara iskanci. Ƙanƙarar farko ta fito sirara kamar ɓawon ƙwai, ta biyu ko haɗuwa ba ta yi ba, can sai ya yi wani gurnani ya tsaya, wata 'yar jar wuta ta kama ƙiftawa. Na zubar da ruwan na sake wani. Na duba batir, a cike. Na zare waya na mayar. Na ɗan bubbuga shi a gefe (gyaran da muka gada ke nan). Da duk suka ƙi, na kira ƙanena na wanke shi tas, na ce ya je ya kwaso wa mahaifinmu gwanjo. Ya rantse sabo ne a kwalinsa, sannan ya ba ni lambar Malam Idi, wani mai gyaran firiji a Karaye.

Malam Idi ya ce ga shi nan tafe. Ni kuwa na san hannun masu gyara, ba ya rabo da baƙin mai. Nan da nan na tuɓe wa injin rigarsa, na ninke na sa a akwatin Inna. Kafin ya iso daga Karaye a kan babur ɗinsa, injin ya fi awa yana hutawa.

Dattijo ne mai sanyin magana. Bayan sun gama gaisawa da Baffa, an tambayi iyali da zafi da hanya, ya durƙusa gaban injin ya kunna. Ya kasa kunne ya ji famfon yana jan ruwa. Ya goge ɗan idon da ke gane kwando ya cika. Ya leƙa fanka tana juyawa, ya taɓa bututun baya, ya ce gas bai zube ba. Har kofin ruwa ya ɗora a kai don ya ga ko injin ya karkace. Muna tsaye sai ga ƙanƙara ta zubo, ƙato-ƙato, fara sol.

"Malama, ai lafiyarsa ƙalau," ya ce. "A dai riƙa barin shi yana shan iska."

Na ce to. Yana fita na buɗe tagogin falon duka biyun don a sha iska, na ɗauko riga na mayar wa inji.

Ba sai na faɗa muku abin da ya faru washegari ba. Bayan kwana biyu Malam Idi ya sake dawowa, na sake ɓoye rigata, inji ya sake aiki kamar an biya shi lada. A wannan karon bawan Allahn nan har la'asar ya kai yana gadinsa, ya ci dambu, ya cika mana kula da hannunsa. Gwaggo, ƙanwar Baffa da katanga ɗaya ta raba mu, ta leƙo ta ce ita dai ba ta yarda da injin nan ba. "Abin da yake ganin mutum ya nutsu, mutum ya juya baya ya tayar? Ku dai nemi tofi."

Yanzu nake ba da labarin da dariya, amma a lokacin hankalina a tashe yake. Ƙanƙarar da Malam Idi ya bari ta narke, na sa hannu a kula na ji ruwa ɗumi. Na hau acaɓa zuwa Rogo neman ta kasuwa, ran farko na samo, ran na biyu na tarar ta ƙare. Na dawo na sami Baffa ya jiƙa yashin gindin randa ya tusa robar maganin a ciki, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Da safe ya auna sugansa da ɗan abin awon nan, na leƙa na ga ya hau fiye da yadda ya saba, shi kuwa ya yi maza ya kife shi a kan tabarma. Wallahi tsoro ya kama ni. Inna ta bar min amanar mijinta, ga magani yana neman lalacewa a hannuna.

Tsoron nan ne ya koma faɗa, faɗan kuma ya sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Na kira Malam Idi, ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Malam, in aikin nan ya fi ƙarfinka ka faɗa mana mu nemi wanda ya iya. Rai ne fa a tsakani." Sai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Malama." Mutumin da ya kusa haihuwata.

Ran Alhamis bayan azahar, ina tsakar gida ni da Gwaggo da wasu matan maƙwabta uku muna ɓarar gyaɗa, sai na ji tsayuwar babur da sallama. Malam Idi ne, ba waya ba sanarwa. A daidai lokacin kuwa inji yana ciki ya yi gurnaninsa ya tsaya, jar wuta tana ƙiftawa ta ƙasan zif. Daɗi ya kama ni. Na ce yau an kama shi dumu-dumu, yau za a san ba sharri nake yi ba. Na miƙe na karkaɗe zane na ce, "Gwaggo, ku taso duk ku shaida, kada gobe a ce lafiyarsa ƙalau." Suka ja mayafai suka biyo ni, muka cika falon.

Malam Idi ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa, yana waige-waige.

"Malama, ina injin?"

"Ga shi nan a gabanka."

Ya dubi karammiskin nan tun daga zif har leshi. Ya daɗe yana kallo. Sannan a hankali ya ce, "Kullum haka yake zama?"

"Kullum," na ce, har da ɗaga kai. "Sai dai in za ka zo nake cirewa, kada ta yi datti."

Ban rufe baki ba na ji abin da na faɗa. Kun san yadda magana take fita, mutum ya bi ta da ido ba halin kamowa? Malam Idi ya durƙusa ya zura hannu ta ƙarƙashin leshin, ya fizge da sauri yana yarfewa. Ya ce in ba shi izini ya cire. Na gyaɗa kai. Da ya ɗage rigar, wani hucin zafi ya bugo mu kamar an buɗe murhun gashin burodi.

Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya nuna min wasu ramuka a gefe da baya, ya ce injin ba sanyi yake ajiyewa kamar buhun 'yan kasuwa ba, zafin ruwan yake zuƙewa ya fitar ta nan. In aka toshe, zafin ya dawo masa, sai ya kashe kansa da kansa don kada ya ƙone. "Kamar a toshe wa mutum hanci ne a ce ya yi huɗa," in ji shi. Ya kwance bayan, ga fankar nan ta cika da gashin karammiski ruwan hanta, shaida ƙarara ba mai musu.

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Ashe ba iskokai ba ne, tela ce." Matan nan suka fashe. Ɗaya har da zama a hannun kujera tana share hawaye da bakin mayafi. Ni da na tara su da bakina, ina tsaye rungume da riga mai ɗumi, na rasa inda zan sa fuskata.

Ya share fankar da tsohon buroshin haƙori, ya busa ƙurar ramukan, ya canza wani ɗan ƙaramin abu kusa da kwamfireso da ya ce zafi ya fara cinye shi. Ya bari ya huce sannan ya kunna. Da ƙanƙarar farko ta zubo, kowa ya ce alhamdulillahi, ni ma na ce, amma a ciki.

Na bi shi har zaure na ba shi haƙuri, na ce na yi masa rashin kunya ba da hakkinsa ba. Ya ce ba komai, wanda uba ke ciwo ba a riƙe maganarsa. Na ce to wa ya kira shi yau? Ya ɗan sosa ƙeya.

"Baffa ne, jiya. Ya ce in zo kada in yi waya, in ga injin yadda yake. Ya ce in yi miki bayani a hankali, ba a gaban mutane ba."

Na sami Baffa a ƙofar gida a inuwar darbejiya. Ni ce 'yarsa ta fari, tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya ce na yi ba daidai ba. Na durƙusa na ce, "Baffa, ashe ka sani?"

Ya kalli wani wajen ya ce, "Na yi kiwo. Na san numfashin abin da zafi ya dama."

"To me ya hana ka faɗa min?"

"An shigo da ita ana murna," ya ce. "An ɓata kwanaki ana ɗinki."

Sai a lokacin na tuna sau biyu ina dawowa daga unguwa na tarar an naɗe gindin rigar sama, na sauke ina mitar wa yake taɓa min kaya. Ashe shi ne yake lallaɓawa ya ɗage in na fita. Na sunkuyar da kai na yi kuka sosai, na kunya da na tausayi a haɗe. Shi kuwa abin da ya ce kawai shi ne a je a cika kula kafin rana ta yi sanyi.

Washegari na kai kwalaben wurin ma'aikacin lafiya na faɗa masa gaskiya. Biyu ya ce kada a sake amfani da su. Sugan Baffa ya ɗauki kwanaki kafin ya daidaita, kuma har Inna ta dawo bai ɗaga maganar ba. Gwaggo ce ta ɗaga, a kowane suna da kowane biki.

Tun daga nan, in abu ya lalace a hannuna, kafin in kira mai gyara ko in wanke wanda ya sayo, nakan fara tambayar kaina me na yi masa da sunan ƙauna. Kuma na daina ɗaukar shirun dattawa a matsayin yabo, tunda na ga wanda ya gwammace sugansa ya hau da ya ce min ɗinkina bai yi ba.